Allo na Shida

Tun da aka sa sabuwar kwamfuta a ajin Malam Kibiya, bango bai ƙara magana ba. Wanda bai san gidan ba zai ce, to dama bango magana yake yi? Wannan dai yana yi. Shekara da shekaru, in Malam yana koyarwa ya cika sauri, sai a ji ƙwas-ƙwas daga ɗakin da ke jikin ajin, shi kuma sai ya rage gudu. Mai ƙwanƙwasawar matarsa ce. Yanzu tana kwance a wannan ɗakin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kuma ƙwanƙwasa bangon nan ita ce kaɗai hirar da ta rage tsakaninsu. To ita ce ta tsaya. Autarsu ta ce in dai Umma ta daina gane abin da ake yi, ba amfanin a bar ta kusa da hayaniyar ɗalibai, ranar Asabar za ta zo da mota ta mayar da ita gidanta. Malam ya ce to, don ba shi da hujjar da zai kafa.

Amma bari mu koma baya, don ba a gane bango sai an san wanda ya huda shi.

Malam ba da koyarwa ya fara ba. Akawu ne a wani kamfanin sufuri, mai buga tafireta, irin mutanen nan da yatsunsu suka fi bakinsu surutu. Da kwamfuta ta shigo ofis, sauran akawuna suka riƙa zagaye ta kamar za ta yi cizo, shi kuwa ya ja kujera ya zauna. Bayan wasu shekaru kamfanin ya tashi, aka yi gwanjon kayan ofis. Malam ya koma gida a bayan akori-kura da kwamfuta guda ɗaya mai rai, da allunan kwamfuta shida, waɗanda ake ce wa monita, irin na da masu ƙaton ƙeya, da tarin kibod a cikin kwali. Matarsa tela ce, tana ɗinki a ɗakin da ke kusa da falo. Ta fito da almakashi a hannu, ta ƙare wa kayan kallo.

"Malam, ciki ɗaya, fuska shida? Wannan wace irin halitta ka kwaso mana?"

"Makaranta ce," in ji shi.

"Allah ya ba da sa'a. Sai dai kar ka tare min hanya."

Wani abokinsa mai gyaran rediyo ne ya nuna masa dabarar. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne, bai wuce girman littafi ba, baki ɗaya a gaba, bakuna da yawa a baya. A zaro waya daga bayan kwamfuta a cusa a bakin gaba, shi kuma ya raba hoton ya aika wa kowane allo ta wayarsa. Abin da ke kan allon Malam, shi ne a kan na kowa, ba ƙari ba ragi. Wayoyin masu kauri ne, da shuɗin kai mai kusoshi biyu da ake murɗawa da yatsa. In haƙori ɗaya a cikin kan ya lanƙwashe, sai allon ya koma kore shar ko ja wur, sai Malam ya durƙusa da allurar matarsa yana miƙar da shi, yana ta yi wa wayar faɗa kamar tana ji.

Falon ya zama aji. Teburi biyar ya ɗauka, har da na Malam, kowane da allonsa da kibod ɗinsa. Sai dai kibod ɗin ɗalibai ba a haɗe suke da komai ba, wayoyinsu a ƙasa suke lilo. Ɗalibi zai zuba wa allo ido, ya bi abin da Malam yake yi, yatsunsa suna ta dannawa a kan mataccen kibod, ƙaf-ƙaf-ƙaf, aji ya cika da ƙara, alhali harafin mutum ɗaya ne yake fitowa. Da babu gara ba daɗi. Mai rai guda ɗaya ne, an yi masa doguwar waya, shi ake miƙawa daga teburi zuwa teburi. Ranar da ya zo hannunka kuwa, asirinka ya tonu, don duk kuskuren da ka yi zai bayyana a gaban kowa lokaci guda. Akwai wani tsohon ɗan sanda mai fansho da yake danna harafi kamar ya kama ɓarawo, sai ka ga harafin ya cika layi guda, aji ya kwashe da dariya, shi ma yana yi. Akwai wata nas da take zuwa da kayan aikinta a jiki, in kibod ya zo gabanta sai ta rufe allonta da tafin hannu, ta manta sauran huɗu a buɗe suke.

Malam ba ya son dogon bayani. Sai ya ɗora hannu a kan maus, ya ce, "Ku bi kibiya. Kar ku kalle ni, ba a fuskata aka rubuta ba. Ku bi kibiya." Yana nufin ɗan farin tsinin nan da ke yawo a kan allo. Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa da shi a gabansa, ya zama Malam Kibiya, har masu kawo wasiƙa da haka suke tambayar gidan.

Allo na shida ne ya rasa wurin zama. Ya yi watanni a lungu, an lulluɓe shi da tsohon zane. Wata rana matarsa ta ce, "Wancan da ka ajiye yana cin ƙura, ba ni shi mana. Ina jin muryarka ta bango kana ta ku bi, ku bi, ni ban ga abin da ake bi ba." Malam ya ɗauko kurfi da guduma ya huda bangon ta ƙasa, daidai bayan teburinsa, ya zura waya mafi tsawo da yake da ita, ya ɗora allon a kan kabad ɗin zare, daura da keken ɗinki. Saboda tsawon wayar, hoton da yake isa can yana zuwa da inuwa, kowane harafi da ɗan dishi-dishi a gefensa. Ta leƙa, ta ce, "Kibiyar taka har da ƙanwarta take tafe." Ya ce zai nemo waya mai kyau. Ta ce ya bar su, sun fi kyau su biyu.

Ba a yi mako ba ta fara aikinta. Malam yana tsakiyar nuna yadda ake adana rubutu, hannunsa yana ta gudu irin na wanda ya iya, sai aka ji ƙwas-ƙwas a bango. Ya share. Aka sake, da ƙarfi. Ya miƙe ransa a ɓace, ya zagaya, ya same ta da almakashi a hannu, ƙafarta a kan keke.

"Lafiya? Ina cikin aji fa."

"Na sani. Ka danna wani abu a sama, wani abu ya fito, ka danna, ya ɓace. Me ka yi?"

"Adanawa na yi mana."

"To ni da idona biyu ban gani ba. Su ma ba su gani ba, kunyarka suke ji."

Ya koma aji yana huci, ya ce, "Wa ya gane abin da na yi yanzu?" Kowa ya sunkuyar da kai, tsohon ɗan sandan ya shiga gyaran hularsa. Daga ranar Malam ya sa mata suna Sufeto, kuma bai ƙara yi wa bango gardama ba. In ya ƙwanƙwasa, sai ya ce, "Na ji, Sufeto," ya koma baya ya sake a hankali. Ɗalibai sababbi sukan firgita, tsofaffi su ce musu, "Kwantar da hankalinka, mai cetonmu ce." Da yawa sun gama makarantar ba su taɓa ganin fuskarta ba, amma ranar sallama sai sun tsaya jikin bangon sun ce, "Sufeto, mun gode." Ita kuma ta amsa da almakashi.

Abin mamakin, ita ba ta taɓa zama ta danna kibod ba. Malam ya yi ya yi, ta ce hannunta na allura ne, ita dai a bar ta da kallo. Amma ta san darasin nan kaf, ta san ranar zana teburi, ta san ranar da ake sa hoto a cikin rubutu, ta san inda Malam yake yawan tsallakewa in yunwa ta fara cinsa. Shi ma yana gane halin da take ciki daga bugun. In a tausashe ne, lafiya lau. In da ƙarfi ne, to akwai maganar da za a ƙarasa bayan an tashi. Sun sha yin faɗa da safe, ba mai yi wa wani magana, ya shiga aji fuska a murtuke, sai ya ƙara gudu da gangan. Ta daure, ta daure, can sai ƙwas-ƙwas. Shi ke nan an shirya. A ƙarƙashin wannan keken Auta ta yi rarrafe, a wannan allon mai inuwa ta fara gane haruffa, har ta girma ta zama injiniya a wani kamfanin waya.

Kwanakin nan sun yi daɗi, ba sai an ɓoye ba. Aji uku a yini, zafin allunan ya haɗu da na mutane, fanka tana ta juya shi, ƙarar kibod ta nan, ƙarar keke ta can. In an ɗauke wuta, allunan su mutu tare, kowa ya ce "Kash!" tare, ta bango ma a ji "Kash!"

Zamani riga ne. Waya ta shigo aljihun kowa, yara suka fara iya kwamfuta tun kafin su iya ɗaura igiyar takalmi. Aji uku ya koma ɗaya, na hantsi. Waɗanda suka rage masu furfura ne, waɗanda aka ce musu a wurin aiki ko su iya ko su ba da wuri, kuma sun gwammace su biya Malam da su tambayi 'ya'yansu a yi musu tsaki. Malam bai damu ba, ya ce su ne ma suka fi jin magana.

Sai ciwon ya zo, wata safiya, tana tsakiyar sa zare a allura. Da aka sallamo ta daga asibiti, aka rasa inda za a sa gadonta, sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna ɗakin ɗinki. Aka ture keken gefe, aka lulluɓe shi, aka jingina gadon da bango, aka juyo da allon yana fuskantarta. Ƙanwarta ta riƙa zuwa da safe tana zama da ita. Ranar da Malam ya koma aji, bai ma san yana sauri ba. Sai ga ƙwas-ƙwas, a raunane, da cokalin shayi. Ya ce, "Na ji, Sufeto," ya koma baya ya sake a hankali. Likita ya ce musu irin wannan ciwon wani lokaci yakan ci gaba a hankali, har mutum ya daina gane na kusa da shi. Malam dai ya ji. Shi yana da nasa gwajin, kullum da hantsi: in dai bango ya ƙwanƙwasa, to tana ganewa.

Ana nan, wata rana aka kawo wuta da ƙarfi. Ɗan akwatin nan ya yi ƙauri, tsohuwar kwamfutar ta bi shi. Mai gyaran rediyon ya daɗe da rasuwa, kuma duk shagon da Malam ya shiga da akwatin a hannu sai a yi masa kallon wanda ya fito daga tarihi. Auta ta ce, "Baba, ka bar min wannan." Ta zo da sabuwar kwamfuta 'yar ƙarama mai bakuna biyu na fitar da hoto, da ƙaton allo siriri da aka kafa a gaban aji, kowa ya gani daga inda yake. Aka kwashe tsofaffin allunan aka jera a tsakar gida, Malam yana shafa ƙeyarsu ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ya roƙa.

"Na Ummanku fa, kar a taɓa."

"Haba Baba, na isa? Na zo masa da mahaɗi."

Ta haɗa tsohuwar wayar mai shuɗin kai da bakin na biyu, ta zagaya ɗakin ta duba. Allon ya kawo, ga hoton wani tafki da duwatsu, irin wanda ke kan babban allon aji sak. Ta ce, "Ya yi, Baba." Shi ma ya leƙa, ya ga ya yi.

Daga ranar bango ya yi shiru. Da farko ya ce ko barci take yi. Washegari ya ƙara gudu da gangan, ya tsallake abu biyu, har wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ita fa an bar ta a baya. Bango bai ce komai ba. In an tashi, ya rufe duk abin da ya buɗe, ya zagaya, sai ya same ta ido a kan allon, tafki yana nan kamar yadda ya bar shi a aji. Ya tambayi ƙanwar ko tana kallo, ta ce, "Kallo kai, ido ba ya ko ƙiftawa, Yaya." Cokalin yana kusa da hannunta, ba ta taɓa shi ba. Ta riƙa dubansa tana motsa baki, tana nuna allon da haɓa, shi kuma ya ce, "E, sabo ne, Auta ce ta kawo," sai ta rufe ido ta juya kai. Abinci ma ta fara ture shi. Tsoro ya kama Malam, irin wanda bai ji ba ko a ranar asibiti. Ya yarda abin da likita ya faɗa ne ya iso, tana kallo amma ba ta ganewa. Da Auta ta kawo maganar Asabar, shi ya sa ya kasa cewa a'a. Gidanta yana can ƙarshen gari, kuma ya san in gadon nan ya fita, ajin ma ya tashi, don bai ga wanda zai koya wa ba.

Ana gobe tafiyar, Auta ta zo tana haɗa kayan mahaifiyarta a ɗakin ciki. Malam ya shiga aji don kawai an riga an zo. Yana nuna musu yadda ake rufe shafi, hankalinsa ba ya wurin, ya ja maus zuwa dama da ƙarfi, sai kibiya ta wuce bakin allon ta ɓace. A tsohuwar kwamfutarsa ba ta taɓa yin haka ba, in ta kai bango tsayawa take yi. Ya girgiza maus, babu. Ya zagaya da shi a kan teburi, ya ɗaga ya duba ƙasansa, ya sake girgizawa.

"Malam, yau kibiyar ce ta gudu?" in ji wani mai kemis da ke gaba. "To mu wa za mu bi?"

Ba a gama dariya ba aka ji ƙwas-ƙwas. Sai kuma ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba tsayawa, kamar za a fasa bangon.

Malam bai san lokacin da ya ture kujera ba. Ya faɗa ɗakin, ya same ta ta ɗago kai daga matashi, abin da ta daɗe ba ta yi ba, cokali a hannu, tana nuna allo da shi. Babu shafi a kai, babu rubutu, babu komai na darasin da ya bari a buɗe a aji. Tafki ne da duwatsu kawai. A tsakiyar ruwan kuma ga kibiyarsa a tsaye, da ƙanwarta ta inuwa a gefe.

Ya daɗe yana kallo kafin ya gane. Ya ɗaga murya ya ce, "Auta! Zo ki gani."

Ta shigo da zane a hannu. Ta dubi allon, ta fita da gudu ta leƙa na aji, ta dawo ta dafe kai.

"Wayyo Allah, Baba. Kwamfutar ba hoto ɗaya take aika wa allunan ba. Ta ɗauki na Umma kamar ƙarin fili ne a gefen naka, sai abin da ka jawo ka kawo nan ne zai fito. Ni da na ga tafkin a duka biyun na ɗauka daidai ne." Ta durƙusa a bakin gadon. "Umma, tun ranar nan ruwa kawai kike kallo?"

Uwar ta dube ta, ta ɗaga cokalin ta ɗan ƙwanƙwashe ta a goshi. Ƙanwar, da ke zaune a gefe, ta ce, "Ni fa na zaci haka abin yake, na ce ma wannan ya fi hutar da ido."

Gyaran bai ɗauki komai ba. Auta ta je teburin Malam ta danna maɓalli biyu tare, ta zaɓi a maimaita hoto, allunan suka yi ƙifta. Ta ɗaga murya ta ce, "Ya zo?" Malam yana tsaye a kan matarsa, ya ga shafin ya bayyana da haruffansa masu inuwa, ya ga idonta ya sauka a kai yana bin layi. Ya gyara mata matashi, ya mayar mata da cokalin cikin tafin hannu, ya ce, "Sufeto, ki yi haƙuri. Na zaci kin tafi kin bar ni." Ta ture hannunsa, ta nuna masa ƙofa da haɓa. Ɗalibai suna jira.

Ya koma ya zauna. Ta ƙofar da aka bari a buɗe yana hango Auta a tsakar gida, ta zuge jakar da ta haɗa, tana fito da zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora hannu a kan maus, ya buɗe baki zai ce su bi kibiya, sai allon ya yi masa dishi-dishi gaba ɗaya, ba kuma laifin waya ba ne. Ya zauna haka, hannu a kan maus, bai motsa ba. Mai kemis ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Sai bango ya ƙwanƙwasa. Wannan karon ba sauri ya yi ba, tsayawa ya yi da yawa.

Malam ya share fuska da hannun riga.

"Na ji, Sufeto," in ji shi. "Ga ni nan."